Layi ɗaya da yamma, layi biyu da asuba: da wanne zan yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Shekarata biyu da aure, ina neman haihuwa. Al'adata ba ta da tsayayyar rana, wani watan kwana 28, wani watan har 34. Wannan karon na ga ta wuce da kwana biyar, sai na sayi tsinken gwajin ciki na gwada da yamma, layi ɗaya ya fito. Na ajiye shi, bayan kamar awa biyu na sake dubawa, na ga wata inuwa a gurbin layi na biyu. Da aka kwana biyu na gwada da sabon tsinke da fitsarin asuba, cikin minti uku layi na biyu ya fito, amma dishi-dishi. Maigidana ya ce tunda bai fito sosai ba, ba ciki ba ne. Kuma makon da ya wuce na sha maganin zazzaɓin cizon sauro. A jikin kwalin an rubuta 99%. Da wanne zan yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ya hana ki barci, bayani ya biyo baya. Gwaji na biyu shi ne abin dogaro. Duk layi mai launi da ya fito a cikin mintunan da aka ƙayyade, ko da bai fi zare kauri ba, ko da sai kin kai shi bakin taga kafin ki gan shi, yana nufin akwai sinadarin ciki a fitsarinki. Hasken layin ba ya rage masa daraja. Inuwar da kika gani a tsinken farko bayan awa biyu kuwa, ki cire ta daga lissafi gaba ɗaya, ba ta tabbatar da komai, ba ta kore komai. Maganin zazzaɓin da kika sha ba ya sa layi ya fito, ba ya kuma hana shi fitowa, sai dai ki riƙe sunansa ki faɗa wa likita ranar da kika je asibiti. A bisa abin da kika bayyana, ƙanwata, ciki ne sabo fil, Allah Ya raya, Ya inganta.

Na shafe shekaru ina aikin ungozoma a asibiti, kuma ruɗanin da na fi gani a kan wannan tsinke tushensa ɗaya ne: mata suna ɗora masa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba. Abu ɗaya tak ya sani, shi ne ko akwai isasshen sinadarin da ake kira hCG a cikin fitsarin da aka tsoma shi a wannan lokacin. Jikin mace ba ya fara samar da wannan sinadari ranar saduwa, ba ya farawa ranar da maniyyi ya haɗu da ƙwai. Sai ƙwan ya gangaro ta bututu, ya isa mahaifa, ya maƙale a jikinta, sannan ɓangaren da zai zama mabiyiya ya fara zuba hCG cikin jini, ƙoda kuma ta tace wani abu daga ciki ya fito a fitsari. Maƙalewar nan tana faruwa tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai, galibi a rana ta 8, ta 9 ko ta 10. Da farko sinadarin ɗan mitsitsi ne, amma yana ninka kansa kusan duk bayan kwana biyu zuwa uku, har ya kai ƙololuwa wajen mako na 10, sannan ya fara sauka. A jikin tsinken an shafa wani abu mai launi da ke kama hCG ya riƙe. Idan ya samu da yawa, layi ya yi jawur. Idan kaɗan ya samu, ya fito dishi-dishi kamar naki. Idan bai kai ma'aunin da tsinken ke iya gani ba, gurbin ya zauna fari tas, alhali cikin yana nan.

Yanzu mu ɗauki lissafinki, domin a nan amsarki take. Kin ce al'ada ta wuce da kwana biyar. Daga wace rana kika fara ƙirga? Ina kyautata zaton daga rana ta 28, wato kin yi gwajin farko a rana ta 33. To ai rana ta 33 tana cikin kwanakin da al'adarki ta saba kaiwa, tunda wani watan sai 34. A haƙiƙa ba ki ma kai ga ɓatan wata ba a lokacin. Abin da ke sa wata ya yi tsawo ko ya gajarta, galibi ranar fitar ƙwai ce ke matsawa gaba ko baya. Kwanakin da ke biyo bayan fitar ƙwai ba su cika canzawa ba, kusan 14 ne. Idan wannan watan naki na kwana 34 ne, ƙwanki bai fita ba sai wajen rana ta 20, bai maƙale ba sai wajen rana ta 28 zuwa 30. Ke nan ranar da kika yi gwajin farko, sinadarin bai fi kwana uku zuwa biyar da fara fitowa ba. Ga shi kuma da yamma kika yi, bayan kin wuni kina shan ruwa, fitsari ya tsinke ya yi fari. Da aka kwana biyu sinadarin ya ninka, kika kuma yi amfani da fitsarin da ya kwana a mafitsara ya yi kauri. Tsinkayen nan biyu ba su saɓa wa juna ba. Kowanne ya faɗi abin da ya tarar a ranarsa.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. Wani mai bincike a Amurka, Allen Wilcox, da abokan aikinsa sun bi mata 221 masu neman haihuwa, ana karɓar fitsarinsu kowace safiya ana aunawa da na'ura mai tsananin gani. A sakamakon da suka fitar a 2001, sun nuna cewa a ranar farko ta ɓatan wata, kashi 10 cikin 100 na cikkunan ba su ma riga sun maƙale a mahaifa ba. Babu tsinken da zai iya ganin irin wannan ciki a ranar, komai ingancinsa, don babu abin da zai gani. Bayan mako guda kuwa, kashi 97 cikin 100 sun maƙale. Shi ya sa nake yawan cewa ranar da aka yi gwajin ta fi sunan kamfanin da ke jikin kwali muhimmanci.

Sai batun 99% ɗin nan. Ba ƙarya aka rubuta ba, amma ba abin da kike zato yake nufi ba. A ɗakin gwaje-gwaje ake samun wannan adadi. Ana kawo fitsarin da aka riga aka san akwai isasshen hCG a cikinsa, da wanda aka san babu, ƙwararren ma'aikaci ya tsoma tsinke, ya duba agogo, ya karanta. A haka tsinken kusan ba ya kuskure. Amma mace a banɗakinta, hannu na rawa, ba ta da tabbacin ranar da ƙwanta ya fita, wannan wani yanayi ne daban. A 2004 Laurence Cole da abokan aikinsa sun gwada nau'i 18 na abin gwajin gida da ake sayarwa a Amurka. Sun lissafa cewa kafin tsinke ya gano kashi 95 cikin 100 na cikkuna a ranar ɓatan wata, sai ya iya ganin sinadarin tun yana ma'auni 12.5. Guda ɗaya kacal cikin 18 ɗin ya iya. Yawancin tsinkayen da ake samu, a ma'auni 25 suke fara gani, za ki ga an rubuta 25 mIU/ml a jikin takardar. Ƙaramar lamba na nufin tsinken ya fi saurin gani. Tun kafin nan, a 1998, an tattara bincike da dama aka kwatanta: idan aka ba mutane fitsarin wasu su gwada, ana gano kusan 91 cikin 100 na masu ciki, amma idan mace ce ke gwada nata da kanta, sai adadin ya sauko wajen 75. Kayan gwajin wancan lokaci sun fi na yanzu wahalar sarrafawa, amma darasin bai tsufa ba. Mafi yawan kuskuren daga gaggawa yake zuwa da rashin karanta takardar da ke cikin kwali. Sauri ya haifi nawa, kuma a wannan harka abin da yake haifa shi ne layi ɗaya ga mace mai ciki.

Kada wannan ya sa ki raina tsinken. Ni ina ganin girmansa ƙwarai, musamman in na tuna inda aka fito. A ƙarshen shekarun 1920, wasu likitoci biyu a Jamus, Aschheim da Zondek, fitsarin mace suke yi wa 'yan ɓeraye allura da shi, a jira kwanaki, a fede su a duba ma'ajiyar ƙwansu. Daga baya aka koma zomaye, sannan wani nau'in kwaɗo na Afirka ta Kudu da ke zubar da ƙwai idan aka yi masa allurar fitsarin mai ciki. Abin gwajin gida na farko ya shiga kasuwa a Kanada a 1971, kuma sai an jira awa biyu ba tare da an girgiza shi ba. Irin na yanzu mai fitar da layi cikin 'yan mintuna, a 1988 ya fito a Birtaniya. Yau ga shi mace na samun amsa ita kaɗai, a asirce, kafin kowa ya farka.

Tunda ina so ki maimaita, ga yadda nake koya wa mata. Kafin ki yage ledar, duba ranar ƙarewar wa'adi, ki kuma tabbata ledar ba ta huje ba, don laima na kashe sinadarin da ke jikin tsinken. Zafi ma haka. Yawancin kamfanoni suna rubuta kada wurin ajiya ya wuce ma'aunin zafi 30, saboda haka tsinken da ya daɗe a cikin mota ko a bakin taga rana na dukansa, ban yarda da shi ba. Ki tari fitsarin farko na asuba a ƙaramin mazubi mai tsabta, busasshe, wanda babu ragowar sabulu a ciki. Idan dole sai da rana za ki yi, ki riƙe fitsari kamar awa huɗu, kada ki cika shan ruwa. A jikin tsinken akwai kibiyoyi masu nuna ƙasa da wani layi da aka rubuta MAX. Ki tsoma ta wajen kibiyoyin, kada fitsarin ya haura wannan layi, don in ya haura yana wanke launin ya lalata gwajin. Ki bar shi iya daƙiƙun da takardar ta ce, ki ciro, ki kwantar da shi a busasshen wuri, kada ki riƙe shi a tsaye kina jujjuyawa. Sai ki duba agogo. Za ki ga jiƙa na hawa a hankali, layin sama ya bayyana. Wannan layin, wanda a wasu ake sa masa harafin C, shi ne shaidar cewa tsinken ya yi aiki. In bai fito ba, gwajin ya ɓaci, ko da ɗaya layin ya fito, sai a ɗauki sabo. Galibi ana karantawa tsakanin minti uku zuwa biyar. Bayan minti goma a jefar.

A jefar ɗin nan da gaske nake. Na ga mata da yawa sun buɗe jaka sun ciro tsinkaye uku huɗu a naɗe cikin takarda, na jiya da na shekaranjiya, suna ɗaga su sama suna cewa, "Anti, duba da kyau, kamar akwai wani abu a nan." Na san zafin jiran da ya sa suka adana su, amma tsinken da ya bushe ba ya magana. Idan fitsari ya bushe, yakan bar tabo siriri a daidai gurbin layi na biyu, mai ruwan toka ko marar launi, kamar an ja shi da farce. Layin gaskiya yana da launi irin na layin sama, ja-ja ko shuɗi gwargwadon nau'in tsinken, faɗinsu ɗaya, kuma a cikin lokaci yake fitowa. Abin da kika gani bayan awa biyu zai iya zama tabon bushewa, zai iya zama ɗan sinadarin da ya makara wajen bayyana. Babu mai iya rarrabewa da ido, shi ya sa ba a hukunci da shi.

Akwai wani yanayi da ba kasafai ake samu ba, amma ya kamata a san shi. Idan ciki ya yi nisa, sinadarin da gutsattsarinsa sukan yi yawa har su rinjayi tsinken, layin ya fito a raunane ko ya ƙi fitowa sam. Don haka macen da ta yi wata biyu ko uku ba ta ga al'ada ba, ga laulayi, ga nono ya cika, mara ta fara tasowa, tsinke kuma na nuna layi ɗaya, kada ta zauna. Ta je a yi mata gwajin jini ko sikanin.

Layi biyu kuwa da wuya ya yi ƙarya, domin hCG ba abu ne da ke yawo a jikin mace haka siddan ba. Duk lokacin da ya bayyana akwai dalili. Wadda ta haihu ko ta yi ɓari kwanan nan, sinadarin yakan ɗauki makonni kafin ya bar jikinta, wani lokaci fiye da wata guda. Shi ya sa ake ce wa wadda ta yi ɓari ta gwada bayan mako uku, in har yanzu layi biyu ne ta koma asibiti a duba ko akwai abin da ya rage a mahaifa. Wadda ke ganin likitan haihuwa aka yi mata allurar fashe ƙwai, irin su Pregnyl ko Ovidrel, ita ma za ta ga layi biyu har kusan mako biyu, don allurar kanta hCG ce. Ƙwayar Clomid, wadda ake ba masu neman haihuwa, ba ta da wannan sinadari, ba ta ruɗa gwaji. Haka ƙwayoyin tazarar haihuwa da allurarsu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da farasitamol, duk ba su da tasiri. Akwai kuma wani irin ciki da mabiyiya ke rikiɗewa ta zama tarin ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar 'ya'yan inabi, ba ɗa mai rayuwa a ciki, da wasu ƙari na ma'ajiyar ƙwai da ba a cika samu ba, su ma suna fitar da sinadarin. Matan da ke dab da daina al'ada, wani lokaci jikinsu kan samar da ɗan kaɗan. Waɗannan duka ba su shafe ki ba a bisa bayaninki, na kawo su ne saboda sauran masu karatu.

Akwai wani abu da ba zan ɓoye miki ba, ko da yake na san ba shi kike son ji ba a wannan makon. Wani lokaci mace takan ga layi biyu dishi-dishi, bayan 'yan kwanaki layin ya ɓace, jini ya zo kamar al'ada, wataƙila da ɗan yawa fiye da yadda ta saba. Sai ta ce tsinken ya yaudare ta. Bai yaudare ta ba. Cikin ya shiga, ya maƙale, sai bai ɗore ba. A rahoton da Wilcox ya fitar a 1988 kan matan nan da na ambata, kashi 22 cikin 100 na cikkunan da aka gano sun zube tun kafin matan su san suna ɗauke da su. Kakanninmu ba su san da irin wannan ba, a wurinsu al'ada ce ta ɗan yi jinkiri. Tsinken ne ya sa muke ganinsa yanzu. Mafi yawanci matsalar daga halittar ƙwan take tun farko. Ba aikin gida ba ne ya jawo, ba tafiya ba, ba saduwa ba, ba wani sakaci na matar ba, kuma yawancin waɗanda abin ya faru da su suna sake samun ciki su haihu lafiya. Saboda wannan ne ba na son mace ta fara gwaji tun kwana biyar ko shida kafin ranar al'ada, duk da wasu kwalaye na tallar hakan. Tana sayen fargaba ne kawai, in layi ɗaya ne ba ta samu amsa ba, in biyu ne ta kwana tana tsoron kada ya ɓace.

Inda nake so ki ba ni hankalinki duka shi ne nan. Tsinken yana cewa akwai ciki, amma bai san inda cikin ya zauna ba. A cikin kowane ciki 100, ɗaya zuwa biyu a wajen mahaifa yake maƙalewa, galibi a cikin bututun da ƙwai ke bi. Bututun nan siriri ne, ba ya buɗewa kamar mahaifa, in cikin ya girma sai ya fasa shi, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Ba na manta wata matashiya da aka kawo mana da tsakar dare. Ta gwada a gida ta ga layi biyu, bayan kamar mako biyu ta fara ganin ɗigon jini baƙi-baƙi da ciwo a gefe ɗaya na mara. Ta ɗauka ɓari ne, ta ce bari ta ga abin da gari zai waye da shi. A banɗaki ta yanke jiki ta faɗi. Da na buɗe tafin hannunta fari fat yake kamar takarda, jikinta sanyi ƙalau, tana ta cewa kafaɗarta ce ke ciwo, mijin yana mamakin me ya haɗa kafaɗa da ciki. Jinin da ya taru ne ya hau yana taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, ciwon ke fitowa a kafaɗa. Allah Ya sa da sauran kwana, aka shiga da ita tiyata a daren, ta rasa bututu ɗaya amma ta tashi. Abin da ya cece ta har da kalma ɗaya da ta iya furtawa a bakin ƙofa, cewa ta yi gwaji ta ga layi biyu. Don haka, ƙanwata, daga yau har a yi miki sikanin a ga cikin a mazauninsa, in kika ji ciwo mai tsanani a mara musamman gefe ɗaya, ko zubar jini, ko jiri kamar za ki suma, ko ciwo a kan kafaɗa, kada ki jira safiya, kada ki jira wani gwajin. Asibiti kai tsaye, kuma ki fara da gaya musu sakamakon tsinken. Wannan gargaɗin ya hau kan wadda ta ga layi ɗaya ma, in dai ta yi ɓatan wata ga waɗannan alamu.

Haka kuma tsinken bai san watannin ciki ba, bai san ko tagwaye ne ba, bai san namiji ko mace ba. Kaurin layi yana canzawa da yawan ruwan da aka sha da nau'in tsinken, don haka kada ki mayar da shi ma'aunin lafiyar ciki kina gwadawa kullum kina jera su. Gwajin gishiri, da na sukari, da na man goge baki da ake yaɗawa a intanet kuwa, babu ɗayansu da ke gane hCG. Gwajin zuba fitsari a ruwan bilic ma haɗari ne, yana tayar da tururi mai ƙona ido da maƙogwaro.

Abin da za ki yi yanzu kaɗan ne. Bayan kwana biyu ko uku ki maimaita da fitsarin asuba, da irin tsinken da kika yi amfani da shi, ki kira maigida ya tsaya a yi a gabansa, gani ya kori ji. Ina sa ran layin zai fi na baya fitowa. In kuna son tabbaci fiye da haka, gwajin jini yana ba da adadin sinadarin da lamba: ƙasa da 5 babu ciki, sama da 25 akwai, in kuma likita na da shakka zai maimaita bayan awa 48 ya ga yadda yake hawa. Kada ki yi gaggawar zuwa sikanin a wannan makon in ba ki da wata alama mai tayar da hankali. Ana ƙirga makonnin ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma ke da ƙwanki ya makara, cikin zai kasance ƙarami da kusan mako guda fiye da lissafin kalanda. Jakar ciki ba ta fara bayyana sai wajen mako na biyar, bugun zuciya wajen na shida zuwa na bakwai. Mata da yawa sun zo mini da kuka don an ce ba a ga komai ba, alhali wuri kawai suka yi. Ki fara shan folik asid yau, maikirogiram 400 kullum, in ba ki riga kin fara ba, domin ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Kada ki ƙara shan wani magani, na asibiti ko na gargajiya, sai kin tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta je awo aƙalla sau takwas, na farko a cikin makonni 12 na farko, ba sai ciki ya fito ba.

Ga 'yan'uwa da ke karanta wannan waɗanda nasu tsinken layi ɗaya yake ta nunawa: in kin san ranar al'adarki, ki bari ta wuce, in layi ɗaya ne kuma jini bai zo ba ki sake bayan kwana uku zuwa mako guda. In al'adarki ba ta da lissafi, ko kina shayarwa ba ta dawo ba, ki ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe, sannan ki gwada. Layi ɗaya a wannan lokacin abin yarda ne. Al'ada na iya tsayawa ba ciki, saboda damuwa, ko rashin lafiya, ko rama ko ƙiba ta farat ɗaya, ko allurar tazarar haihuwa, ko yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono, ko matsalar ƙwayar maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo, ko lalurar ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke kira PCOS. Wadda ta kai wata uku ba al'ada ba ciki, ta daina sayen tsinke ta je a bincika.

Ke kuma ƙanwata, ranar da za ki asibiti ki rubuta abu uku a takarda ki tafi da su: ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, ranar da kika fara ganin layi biyu, da sunan maganin zazzaɓin da kika sha tare da ranakun da kika sha shi. Allah Ya sauke ki lafiya.